Rawlins, Garin da Ƙaho Ke Jiran Kwana 60

Iska ce ke mulki a Rawlins. Tun daga babbar hanya mai lamba 80, wadda ta ratsa kudancin jihar Wyoming daga gabas zuwa yamma, za ka ga manyan alluna masu wuta suna gargaɗin direbobin tirela cewa wanda motarsa ba ta da nauyi ya samu wuri ya tsaya. Garin yana kan tudu, sama da mita 2,000 daga saman teku, mutanensa ba su kai dubu goma ba. Layin dogo na kamfanin Union Pacific ne ya haife shi a 1868, kuma har yanzu jiragen ƙasa na kaya suna wucewa ta tsakiyarsa dare da rana, taragai bayan taragai, har mai ƙirga ya gaji ya daina. Akwai tsohon kurkukun jiha da ya yi aiki daga 1901 zuwa 1981, yanzu ya zama gidan tarihi. Akwai matatar mai ta Sinclair a gabas da gari. Ban da waɗannan, sai fili.

Filin nan shi ne dalilin zuwana. Rawlins ce hedikwatar gundumar Carbon, kuma a littafin da maharban Amurka ke rubuta manyan ƙahonin da aka samu, babu gundumar da ta kai Carbon yawan ƙahonin barewar Amurka, dabbar da mutanen ƙasar ke kira pronghorn. Yamma da gari Jan Hamada ta fara, inda tudun da ya raba ruwan nahiyar ya tsage biyu ya kewaye wani kwari mai faɗi, ruwan da ya sauka a cikinsa ba ya zuwa kowane teku. Babu itace sai can ba a rasa ba. Abin da ya rufe ƙasa wani guntun tsiro ne mai launin toka, iyakarsa gwiwa, ɗan uwan tazargade, in ka murza ganyensa ƙamshin ya manne a yatsunka har yamma. Shanu ba su damu da shi ba. Barewar nan kuwa da shi take rayuwa, musamman in dusar ƙanƙara ta binne ciyawa.

Na iso a farkon Disamba, lokacin da farauta ta ƙare, garin ya huta daga motocin a-kori-kura cike da baƙi masu huluna ruwan lemo. A wannan lokaci bareyin sun bar zaman rarrabe sun haɗu garke-garke, wani garken ya fi ɗari. Ba sa ɓuya. Tsayawa suke a sarari suna kallonka daga nesa da waɗannan manyan idanu da ke gefen kai, masu ganin kusan ko'ina ba tare da an juya wuya ba. In ka rage gudun mota sai su ɗaga kai. In ka tsaya ka buɗe ƙofa, farin gashin da ke ɗuwawunsu ya miƙe ya yi haske, na nesa su gani su fahimta, sai garken ya tashi gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Gudunsu yana kai kilomita 88 a awa, kuma abin mamakin ya fi yawa a juriyar, domin suna iya riƙe babban gudu na dogon zango. Ɗan da aka haifa kwanaki kaɗan ya fi ƙarfin mutum ya kama shi da ƙafa. A nan karin maganar barewa da ɗanta ta zauna daram.

Sai dai kama ce kawai ta haɗa ta da barewarmu. Masana halittu sun tabbatar ita kaɗai ta rage a zuriyarta, kuma danginta mafi kusa a duniya su ne raƙumin dawa, irin wanda ke yawo a Kure kusa da Yamai, da okapi na dajin Kwango. Babban abin da ya ware ta shi ne ƙahonta. Ƙahon sa ko na rago ko na gada tun dabba tana ƙarama yake fitowa, ya yi ta girma har mutuwa, ba ya faɗuwa kuma ba ya reshe. Nata yana da reshe guda da ya leƙo gaba, sannan kowace shekara tana tuɓe shi. A cikin kai akwai ƙashi mai faɗi kamar ruwan wuƙa wanda ba ya zuwa ko'ina. A kansa ne ake da baƙin kube, wanda aka gina da irin abin da ke yin farce da gashi. Bayan barbara ta ƙare a kaka, sabon kube ya fara tasowa daga ƙarƙashi, ya ture tsohon, ya faɗi a daji wajen Nuwamba.

Saboda haka mazajen da na gani a filin duk kawunansu a sauƙaƙe suke, ɗan baƙin tsinke kawai a saman kowane ido. Wani makiyayi da ya ɗauke ni a motarsa ya nuna mini kube guda da ya tsinta a gindin shinge, yana ajiye a gaban gilashi. Na ɗauka na ji ba nauyi. Cikinsa rami ne, in ka leƙa za ka ga zare-zare kamar gashi sun manne a bango, bakin gindinsa kuma siriri ne, ya fara tsagewa yana lanƙwasa ciki. Ya ce ba kasafai ake samunsu ba, domin beraye da karnukan daji suna tauna su, rana da sanyi kuma su ƙarasa abin da ya rage. Wanda ya riƙe wannan kube a hannu ba zai yi mamakin jin cewa yana motsewa ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne nawa yake motsewa, kuma wa zai yi hukunci.

Amsar tana wani shago a bayan gari, na mai gyaran kawunan dabbobi domin ratayewa a bango. Da ka tura ƙofa warin gishiri da fata da gam zai tare ka. Kawunan manyan dabbobin dawa sun cika bango, amma idona ya tafi kan wata doguwar kanta ta katako a gefen da ba rana, nesa da na'urar ɗumama ɗaki. A kanta an jera ƙahonin barewa bibbiyu, kowanne a kan ɗan guntun ƙoƙon kai da aka yanka da zarto, kowanne da takarda ɗaure da waya. A takardar akwai sunan mai shi, lambar lasisinsa, da kwanan wata. Mai shagon ya ce kwanan watan shi ne abin da masu kiran waya suka fi tambaya. Mutum yana can wata jiha mai nisa, ya biya kuɗin lasisi bayan ya yi shekaru yana jiran ƙuri'a ta faɗo kansa, yanzu yana ƙirga kwanaki.

Kwanakin 60 ne, kuma dokar ta ƙungiyar Boone and Crockett ce. Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell suka kafa ta a 1887, lokacin da bindiga da kasuwar nama da fata suka kusa share namun dajin Amurka. Barewar da aka ce ta kai miliyoyi da dama kafin zuwan Turawa, ƙidayar da gwamnati ta yi a farkon shekarun 1920 ta samu ba su kai dubu 30 a faɗin ƙasar ba. Ƙungiyar tana cikin waɗanda suka nemo filin da aka killace mata a Nevada a 1931. Ta fitar da littafin ƙahoni na farko a 1932, a 1950 kuma ta amince da tsarin awon da ake bi har yau. Hedikwatarta tana Missoula a jihar Montana, cikin wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ka'idarta a kan bushewa gajera ce: ba a auna ƙaho awon da za a rubuta sai ya yi aƙalla kwana 60 yana shan iska a zafin ɗakin da mutum ke iya zama. In an sa shi a firiza, kwanakin firizan ba sa cikin lissafi. In an jiƙa shi ko an dafa ƙoƙon kan domin a cire nama, ƙirga na farawa ne daga ranar da aka gama. Ƙungiyar maharban kwari da baka, Pope and Young, wadda aka kafa a 1961, ita ma kwana 60 ta ɗauka.

Na yi sa'a ranar akwai awo. Mai awon dattijo ne, tsohon malamin makaranta, ɗaya daga cikin masu aikin sa kai da ƙungiyar ke horarwa ta ba su lamba. Ba a biyansu ko sisi. Ya shigo da ƙaramar jaka, ya fito da siririn tef na ƙarfe mai faɗin rubu'in inci, da rula, da fensir, da farin gam na takarda, da fom. Mai ƙahon ma ya zo, wani mai aikin walda daga wani gari na kusa, tare da 'yarsa da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. A farkon Oktoba ya harbi namijin, kuma a ranar, kafin jini ya bushe, shi da abokinsa sun auna a bayan mota sun samu 81 da ɗoriya. Makin shiga littafin kyauta na ƙungiyar 80 ne, na shiga babban littafin da ba a gogewa kuma 82. Ya san 82 ta yi masa nisa. 80 yake fata.

Dattijon ya fara da tsawo. Ya ɗora rula a ƙasan gindin ƙahon domin ya sami inda bakin ya fi sauka, ya kafa kan tef a nan, ya bi tsakiyar bayan ƙahon ta waje, a hankali, yana danna tef da babban yatsa inci bayan inci domin kada ya tashi daga jiki, ya bi lanƙwasar har tsini. Ya duba, ya saki, ya sake daga farko. Na dama inci 15 da sumuni 2. Na hagu inci 15 cif. Komai a nan da sumuni ake rubuta shi, kashi ɗaya cikin takwas na inci, ba a taƙaita shi. Rabin inci ma sumuni 4 ake rubutawa.

Daga nan ya ɗauki tsawon wanda ya fi tsayi ya raba huɗu. Ya manna farin gam a jikin kowane ƙaho, ya sa alamar fensir a kowane rubu'i, kuma alamomin da ya samo daga ƙahon dama su ya kai na hagu. A nan ne ake auna kauri, sau huɗu a kowane gefe: a gindi, a rubu'in farko, a rabi, a rubu'i na uku. Ya naɗe tef a gindin ya ja shi har ya kama sosai, ya sunkuya daidai da lambar. Inci 6 da sumuni 3, kowane gefe. Awo na uku shi ne ake yawan gardama a kansa, domin dole a yi shi a saman reshe, kuma ƙahon barewa yana da kauri a ƙasan reshe, da an haura sai ya tsuke. Namijin da reshensa ya fito can sama, kumburin da ke gindin reshen yana iya faɗawa daidai kan alama, sai a matsa sama kaɗan inda kumburin ya ƙare. Dattijon ya ɗauki lokaci a nan fiye da ko'ina, yana shafa wurin da yatsa yana neman inda kumburi ya saki.

Reshen kansa ba daga inda ido ke ganin ya fito ake auna shi ba. Ya sa rula a kwance a bayan ƙahonin biyu, ya sa alama inda ta taɓa kowanne, sannan ya ja tef daga tsinin reshe ta samansa, ya zagaya jikin ƙahon har alamar bayan. Saboda haka faɗin ƙahon ma yana shiga tsawon reshe. Na dama 5 da sumuni 4, na hagu 5 da sumuni 2. Ya auna tazarar da ke tsakanin tsini da tsini da kuma faɗin ciki, ya rubuta, amma ya gaya wa yarinyar cewa waɗannan biyun bayani ne kawai, ba sa ƙara maki.

Sai lissafi. Ƙahon dama ya tashi 40 da sumuni 4, na hagu 39 da sumuni 6, jimla 80 da sumuni 2. Mai waldan ya saki numfashi, amma dattijon bai ɗaga kai ba, domin akwai layi na ƙarshe a fom ɗin. Duk inda gefe ɗaya ya fi ɗaya, ana cire bambancin. Sumuni 2 a tsawo, sumuni 2 a reshe, sumuni ɗaiɗai a wurare biyu na kauri. Sumuni 6 suka fita. Abin da ya rage 79 da sumuni 4. Rabin inci ya raba shi da littafi.

Na nemi fom ɗin na duba, kuma a nan na gane dalilin da ya sa masu farautar barewa suka fi kowa jin zafin kwana 60. Awo goma sha biyu ne ke haɗa makin, shida a kowane gefe, kuma takwas daga ciki na kauri ne. A wannan ƙahon kauri ya ba da kusan rabin makin. Motsewa kuwa a kauri take fara cin ƙaho. Kube rami ne, yana ɗauke da danshi a jikinsa, kuma tsakaninsa da ƙashi akwai nama da fata mai rai. Dabba na mutuwa wannan naman ya bushe ko a kankare shi, kuben ya rasa abin da ke tokare shi daga ciki, ya tsuke ya nufi ƙashi, musamman a gindi inda bangonsa ya fi siriri. In kowane awon kauri ya rasa sumuni ɗaya kacal, abin da ido ba zai taɓa gani ba, inci guda ya tafi daga maki. In tsawo da reshe ma suka rasa sumuni ɗaiɗai, inci ɗaya da rabi ke nan. Ƙahon manyan bareyin dawa masu rassa da yawa ƙashi ne tsantsa, ba ya raguwa haka. Shi ya sa maharbin da ya san kan abin, in ya auna ɗanyen ƙaho a daji, yakan cire inci ɗaya ko biyu a zuciyarsa kafin ya kira gida.

Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a kaka ya san wannan hukunci. Buhun da aka cika da ɗanya ba shi ne buhun da za a buɗe bayan wata biyu ba, kuma ɗan kasuwar kirki ba ya yanke farashi sai ta bushe. Ƙungiyar ma abin da ta yi ke nan. Ba ta ce a kwana 60 ƙaho ya daina motsewa ba, domin yana ci gaba a hankali har shekaru. Ta dai zaɓi lokacin da mafi yawan raguwar ta riga ta faru, ta ce kowa ya tsaya a wannan layin, na Arizona mai zafi da na Montana mai sanyi.

Inda akwai layi, akwai masu neman tsallake shi. Mai shagon ya ba ni labarin dabarun da ya gani a shekarunsa: mai naɗe ƙaho da jiƙaƙƙen tsumma, mai ajiye shi a ɗaki mai laima, mai cire kube tun yana ɗanye ya cika cikinsa da abin da zai daskare ya hana shi tsukewa. Shi kansa dole ya cire kuben, domin in ba a wanke naman da ke ciki ba wari da tsutsa za su ɓata aikin. Yakan bar shi ya saki da kansa, ya murɗe shi a hankali, ya kankare ƙashin, ya mayar da kuben yadda yake ya bar shi ya sha iska. In mai ƙaho ya ce yana son awo, ba ya sa gam ko wani cikon da zai manne shi sai an gama awon. Ya ce wanda ya roƙe shi ya yi akasin haka yakan nuna masa ƙofa, domin ƙahon da ya shiga sahun manya za a kira shi gaban kwamitin alƙalai a ƙarshen zangon shekara uku da ƙungiyar ke yi, a sake auna shi a idon mutane da yawa. Maharbin kuma sai ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa ya bi ka'idar farautar adalci: bai kori dabbar da mota ba, bai yi amfani da jirgin sama ya gano ta ya sauka ya harbe ba, ba a cikin katangar da ba ta iya fita ya same ta ba.

Mai waldan bai yi gardama ba. Ya tambayi dattijon ko an duba awo na uku da kyau, dattijon ya miƙa masa tef ɗin ya ce ya gwada da hannunsa, ya gwada, lambar ba ta canza ba. Yarinyar ce ta nemi a ba ta kwafin fom ɗin. Uban ya ce mini naman sun cinye rabinsa, saura yana firiza, kuma dokar Wyoming ma ta haramta wa maharbi ya yanke kai ya bar nama ya lalace a daji. Wannan batu yana da muhimmanci a wurina, domin na zo da ƙyamar a kashe rai saboda abin ratayewa a bango, kuma har yanzu ina ganin akwai masu kuɗin da suka mayar da abin gasar alfahari. Amma mutumin da na gani a shagon nan ya ciyar da iyalinsa, ya jira kwanakin da aka ce ya jira, ya karɓi lambar da ba ta yi masa daɗi ba. Ban ga abin zargi a nan ba.

Kafin harbi ma akwai wani awon, na ido. Maharbi yana kwance a ciki da tabaron hangen nesa, namiji yana can mita ɗari uku ko fiye, sai ya gwada ƙahon da kunne, wanda tsawonsa ke kusan inci shida. Ƙahon da ya ninka kunne biyu da rabi ya kai a duba shi da kyau. Sai a dubi kauri a gwada shi da faɗin ido, a dubi ko reshen ya fito sama da tsinin kunne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan kimar tana yawan zarce gaskiya, domin baƙin ƙaho a kan farin fili yana ƙara girma a idon mai zumuɗi, kuma namijin da ke gudu yana ba ka baya kullum ya fi girma.

Ƙaho mafi maki a littafin ƙungiyar shi ne wanda Mike Gallo ya samu a gundumar Socorro ta jihar New Mexico a 2013, maki 96 da sumuni 4. Kafin shi, biyu ne daga Arizona suka yi kunnen doki a 95. Abin lura ne cewa Wyoming ta fi kowace jiha yawan ƙahoni a littafin, amma na can ƙoli daga kudu suke fitowa. Dalilin yana cikin abin da na gani a filin Rawlins. Sabon kube yana fara girma a ƙarshen kaka, ya ratsa tsakiyar hunturu, ya kammala a tsakiyar bazarar ƙasar. Ke nan namiji yana gina ƙahonsa ne a watannin da abinci ya fi wuya, yana tono dusar ƙanƙara da kofato. Inda sanyi ke da sauƙi, jiki na da rarar da zai tura wa ƙaho. Kuma tunda kowace shekara sabo ake yi, ƙahon ba tarin shekarun dabba ba ne. Namiji ɗan shekara uku ko huɗu yana iya fin tsoho, kuma namiji ɗaya yana iya yin babban ƙaho bana, baɗi ya yi ƙarami in fari ko sanyi ya yi tsanani. Lambar da dattijon ya rubuta ta fi ba da labarin hunturun da ya wuce da ruwan da ya sauka fiye da labarin ƙwarewar mai bindiga. A ganina wannan ne amfanin littafin na gaskiya, kuma shi ne dalilin da ya sa sumuni guda na ƙarya ke ɓata shi.

Hunturu a wannan ƙasa ba ya kisa shi kaɗai, da shinge yake haɗa baki. Barewar nan, duk gudunta, ba ta son tsalle. In ta iso shingen waya, ta ƙarƙashi take bi, ta kwantar da ƙirji ta zame. In wayar ƙasa ta yi ƙasa da yawa, ko shingen na raga ne irin na tumaki, ko dusar ƙanƙara ta cike gurbin, sai garken ya tsaya yana bin shingen sama da ƙasa har ƙarfi ya ƙare. Kudu maso yamma da Rawlins akwai wani tudu da ake kira Red Rim, inda iska ke share dusar ƙanƙara ta bar tsiro a buɗe, bareyi suka saba tafiya can su yi hunturu. A 1983 wani mai gonar kiwo ya kewaye wurin da dogon shinge. Hunturun shekarar ya zo da tsanani, ɗaruruwan bareyi suka mutu a jikin wayar, hotunansu suka shiga talabijin a faɗin ƙasa. Maganar ta kai kotun tarayya, wadda ta yi amfani da wata dokar 1885 da ta hana toshe hanyar filin gwamnati, ta ce a cire shingen ko a gyara shi. Mutanen Rawlins masu shekaru har yanzu suna ba da labarin kamar jiya aka yi.

Wani hunturun mai tsanani shi ne na 2022 zuwa 2023. Dusar ƙanƙara ta sauka da wuri, ta daskare a sama, ta ƙi narkewa har watanni. A yankunan Rawlins da Baggs garkuna sun ragu ƙwarai, a wajen Pinedale kuma ciwon huhu ya haɗu da yunwa. Hukumar kula da namun daji ta jihar ta rage dubban lasisin farautar barewa a shekarar da ta biyo baya. Mai shagon ya nuna mini kantar ya ce a da takan cika har ya ƙara wata a ƙasa. Ya ce ƙahonin da suka zo masa a kakar da ta biyo wannan hunturun sirara ne daga reshe zuwa sama, ko ba tef za ka gani.

Akwai aikin da ake yi, kuma maharba suna cikinsa da kuɗinsu da hannunsu. Tun 1937 dokar Pittman da Robertson ta sa kuɗin harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai yana komawa jihohi domin kula da namun daji, ga kuɗin lasisi a kai. A 2008 aka amince da hanyar ƙaurar bareyi daga wajen Grand Teton zuwa kwarin Green River a matsayin hanyar da gwamnatin tarayya ke karewa, ta farko irinta a ƙasar. A 2012 aka kammala gadoji a Trappers Point kusa da Pinedale, waɗanda aka rufe da ƙasa domin garkuna su haye saman titi, tunda barewa ba ta yarda ta shiga rami mai duhu inda ba ta ganin nesa. Babbar hanya mai lamba 80 kuwa har yanzu katanga ce da ta raba garkunan arewa da na kudu.

Makiyayin da ya nuna mini kuben ya tsaya da ni a wani sashe na shingensa da ya gyara tare da wasu masu aikin sa kai. Sun cire wayar ƙasa mai ƙaya, sun sa mai santsi, sun ɗaga ta inci 18 daga ƙasa. A ƙarƙashinta ƙasa ta lotsa inda ƙirji ke gogawa, sawun kofato ya bi ta wurin ya wuce. Ya ce shanunsa ba su taɓa fita ta nan ba, kuma saura mil shida a gefen arewa, in ƙasa ta saki a watan Mayu za su ci gaba daga inda suka tsaya.